Tsohuwa Mai Makulli

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar wata Lahadi, a falon gidana da ke Landover a Amurka. Mu uku ne: ni, da maiɗakina, da abokina wanda muka yi zaman Tarayyar Sobiyet tare tun muna samari. 'Yata tana cikin ɗaki tana karatu. Na riƙe lokacin ne saboda na duba agogon bango daidai sa'adda ya ajiye kofin shayi ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Mutumina, jakar nan taka ta raga tana nan kuwa?"

Na ce tana nan.

"Ara mini ita zuwa Asabar."

Maiɗakina ta yi dariya ta ce, "Alhaji, duk jakunkunan Amurka ba su ishe ka ba, sai wannan tsumman?"

"Hajiya, tsumman nan tarihi ne," in ji shi. Ya bayyana mana cewa kwamitin Hausawanmu ya shirya taron bayan Sallah a Germantown, an kuma roƙe shi ya yi wa matasa jawabi a kan yadda ake rayuwa a ƙasar da gwamnati ce ke yanke abin da kowa zai ci da abin da zai sa. Ya ce yaranmu da aka haifa a nan ba su san darajar abin da suka samu ba. Ban ƙi wannan ba, domin haka ne. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar daga akwati na miƙa masa. Ya cusa ta a aljihun riga, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka zo da wuri, ka zauna a gaba. Kai ne shaidata."

Ba na son labari a hargitse. Kafin in faɗi abin da ya faru ranar Asabar ɗin, sai na faɗi mecece jakar da kuma wadda ta saƙa ta.

Karatuna bai wuce makarantar koyon sana'a ba. Daga can aka ɗauke ni aiki a wata masana'antar ƙarfe da ake ginawa a ƙasarmu, aka tura mu Sobiyet mu koyi aikin tukunyar tururi da bututu. A jirgi na haɗu da abokina. Aka kai mu wani gari mai hayaƙi da sanyi, aka ba mu ɗaki ɗaya a gidan kwanan ma'aikata, hawa na uku.

Ba zan ɓoye ba, da farko tsarinsu ya burge ni. Ni mutum ne mai son komai a wurinsa. Malamin da ke koya mana harshensu ya ce a ƙasar nan ba a barin abu ga sa'a: an zauna a babban birni an lissafa takalmi nawa za a ɗinka, alkama nawa za a noma, ƙarfe nawa za a narka, har na shekara biyar masu zuwa. Na ce a raina, ga mutanen da suka san abin da suke yi. Na yarda da su da zuciya ɗaya.

Wata ɗaya a masana'anta ya isa ya fara koya mini wani abu dabam. Farkon wata ba kayan aiki, sai mu zauna muna goge abin da muka riga muka goge. Tsakiyar wata kaya su fara isowa, rabi-rabi. Ƙarshen wata kuwa sai a yi ta gudu ana ihu, a ƙera abu ko ya yi kyau ko bai yi ba, domin a cika adadin da aka rubuto daga sama. Magidantan can suna da wata al'ada: in za su sayi rediyo ko injin wanki, sai su duba ranar da aka ƙera shi. In ƙarshen wata ne, su ajiye shi su wuce.

A kantuna ma haka. Yau ba sabulu a duk garin, gobe sabulu ya cika ko'ina amma ba ashana. Abin da babu ba a tambayarsa, abin da aka kawo shi ake saye. In ka hangi layi, shiga za ka fara yi, daga baya ka tambayi abin da ake sayarwa. Na taɓa tsayuwa tun hantsi har azahar a cikin dusar ƙanƙara, da na isa gaba na tarar bahon wankan jarirai ne. Ba ni da mata balle jariri. Na saya na ɗauko shi a ka.

Layin yana da doka, kuma ina so a fahimci dokar sosai domin za ta dawo a gaba. In ka zo, ka ɗaga murya ka ce, wa ke ƙarshe? Wani ya amsa. Ka ce masa kana bayansa. Shi ke nan, wurinka ya tabbata, kana iya tafiya wani layin ka kama wuri a can ma. In ka dawo mutane suka taso maka da faɗa, wanda ke gabanka shi zai juyo ya ce, ku ƙyale shi, yana nan, na san shi. Bai san sunanka ba, ba zai sake ganinka ba, amma zai yi maka shaida. Wanda ya ƙi yin wannan shaidar, a idon mutanen garin, ya fi mai sata muni. Gwamnati ba ta rubuta wannan doka ba. Ita ce kaɗai tsarin da na ga yana aiki a ƙasar ba fashi.

Wadda ta koya mana ita tsohuwa ce mai gadin hawanmu. Kowane hawa yana da irinta: tebur a bakin matattakala, fitila, da tarin makullai. Gajera ce, mai faɗi, ba ta rabuwa da ɗankwali mai ruwan toka. Ba ta da fara'a. Ranar da ta gan ni da baho a ka, ta tsayar da ni, ta duba shi ciki da waje, ta ce mini sakarai da harshensu, ta karɓe shi. Bayan kwanaki ta kawo mini hular gashi mai rufe kunne. Ashe ta musanya bahon ne a wurin wata mai ciki a hawa na biyu wadda mijinta ke aiki a inda ake ɗinka huluna. Muka sa mata suna Kaka.

Ita ta lura muna ramewa. Abincin masana'anta kusan kullum da naman alade a ciki, mu kuwa sai burodi da shayi, ban da Alhamis da doka ta ce ranar kifi ce a duk ƙasar. Ba ta tambaye mu addininmu ba. Ta riƙa karɓar rabon naman da ake ba mu a ƙarshen mako tana musanya mana da ƙwai da busasshen kifi. Ta ga ina zuba dankali a aljihun kwat, ta yi tsaki. Bayan kwana biyu ta miƙo mini jakar raga da ta saƙa da zaren kamun kifi. Irin jakar kowa a garin yana da ita. In ba komai a ciki tana shiga tafin hannu, in an cika ta tana ɗaukar kabeji da kwalaben madara. Ba a fita ba tare da ita ba, domin ba wanda ya san abin da zai tarar a hanya.

Saura abu biyu a kanta, kuma su ne ginshiƙin maganata. Akwai kwamitin da ke zagaya ɗakuna ba sanarwa, kuma ba sa son ganin ana sallah a gidan gwamnati. Duk ranar da suka shigo ginin, sai mu ji an ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki da ƙarfe. Kaka ce, da makullanta, daga teburinta. Mu naɗe darduma mu tura ƙarƙashin katifa. Na biyun kuwa, a sanyinmu na biyu ciwo ya kama abokina a ƙirji, har na fara tunanin yadda zan sanar da iyayensa. Likita ya ce a nemo lemun tsami da zuma. A garin nan, a wannan lokaci, neman lemun tsami wasa ne. Tsohuwar nan, da ƙafafunta masu kumburi, ta fita tun duku-duku ta kama wuri a layi har uku. Ta dawo da la'asar da lemu a cikin jakar nan tawa, leɓunanta sun yi shuɗi. Ita ta riƙa ba shi a baki da cokali. Yana kuka yana kiranta uwa.

Muka gama muka koma gida. Masana'antar da aka horar da mu dominta ba ta taɓa tashi yadda aka ce ba. Na yi shekaru ina zuwa aiki in zauna a gindin mangwaro ina kallon tukwanen da ban taɓa hura wa wuta ba. Ƙasar da ta koya mana aikin ita ma ta wargaje. Duk wanda ya ce mini an tsara komai, can da gida, ya yaudare ni, kuma na daɗe da haɗiye wannan.

Abokina ya riga ni zuwa Amurka. Ba zan tauye masa haƙƙi ba: shi ya tarbe ni a filin jirgi, a falonsa na kwana watannin farko, shi ya kai ni inda na samu aikin kula da tukwanen ɗumama gidaje a Greenbelt, aikin da nake yi har yau. Shi kuwa ya shiga dillancin gidaje, Allah ya buɗa masa, ya je Hajji, ya zama mutumin da ake miƙa wa makirfo a kowane suna da ɗaurin aure. Ya iya magana. Ni ban iya ba.

Yanzu Asabar. Mun isa da wuri kamar yadda ya ce. Ɗakin taro ne na wani rukunin gidaje, an jera kujeru, an ajiye shinkafa da naman Sallah a gefe. Likitocinmu da injiniyoyinmu suna nan da iyalansu, ga 'yan'uwanmu na Gana da na Nijar. Na zauna a gaba, maiɗakina da 'yata suna ɓangaren mata.

Ya fara da kyau. Yana yi da Turanci saboda yara, yana juyawa Hausa saboda manya. Ya ba da labarin ƙarshen wata a masana'anta, daidai. Ya ba da labarin bahon jarirai, ya nuna ni, aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ya zaro jakar daga aljihu ya ware ta a sama.

"Kun san me ya sa take da huji-huji?" Ya jira. "Don gwamnati ta ga abin da ka saya!"

Aka kwashe da dariya. Na ce a raina wasa ne, bari ya wuce. Bai wuce ba. Ya ga ɗakin ya kamu, sai ya ƙara. Ya ce akwai wata tsohuwar mayya da aka ajiye a ƙofarmu, 'yar leƙen asiri, ita ta ba mu jakar don ta riƙa ƙirga abin da muke shigowa da shi. Ya ce takan manna kunne a bututu tana sauraron sallarmu, in ta ji kabbara sai ta buga makulli ta kira jami'ai. Ya duƙa, ya ɗaura jakar a ka kamar ɗankwali, ya kwaikwayi tafiyarta, yana jan ƙafa. Ƙafar da ta kumbura a layin lemunsa. Matasa suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wata baiwar Allah a baya ta ce, "Allah ya isa!" Ya rufe da cewa a ƙasar da ba kasuwa ba a samun mutumin kirki ko ɗaya, kowa ɗan rahoto ne.

Sai ya juyo gare ni. "Ga shaidata nan. Ko ba haka ba, mutumina?"

Na miƙe. Na ce, "Ba haka ba ne."

Kowa ya juyo yana kallona. Ban so in kunyata shi a gaban yara ba, don haka na juya harshe zuwa na can, wanda mu biyu kaɗai ke ji a wurin. Na ce masa, kana wurin, ka san ta, faɗa musu. Abin da na nema ke nan. Abin da kowane baƙo a layin kifi zai yi wa wanda bai sani ba.

Ya dube ni, na tabbata ya ji. Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji abin da ya ce? Tambaya yake ko an kawo sabulu!"

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Wani daga baya ya yi ihu, "Kwamared!" Abokina ya ɗaga hannu ya ce, "Kwamared, zauna, lokacinka bai zo ba. Bi layi!" Har da tafi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ja hannun rigata yana share hawayen dariya, ya ce, "Malam, ashe tare kuka shirya? Wallahi kun iya." Na zauna. Ban ci abincin ba.

Na jira shi a wurin ajiye motoci. Ya fito yana ta gaisawa da mutane, jakar tana leƙowa daga aljihunsa.

"Alhaji, me ya sa?"

"Haba, mutumina. Ka ga fuskarka kuwa? Yaran nan ba sa sauraro sai an sa gishiri."

"Gishiri dabam, ƙazafi dabam."

"Matar nan ta mutu tun yaushe. Wa ya san ta? Wa zai kai mata?"

"Ni na san ta. Kai ma ka san ta. Lemun fa?"

Ya ɗan kau da kai. Ya ce, "To ai ka san irinsu duk suna kai rahoto. Aikinsu ke nan. Kana da tabbacin ba ta taɓa kaiwa ba?"

Na ce ba ni da shi. Har yau ba ni da shi, ban shiga zuciyarta ba, ban bi ta ofis ba. Abin da na gani shi na sani: bututun gargaɗi ne, ba kira ba, kuma ba a taɓa kama mu ba. Na ce masa ya koma ciki, mutane ba su watse ba, ya gyara maganar ko da jimla ɗaya ce. Ya ce in bari sai wani taron. Wani ya kira shi ɗaukar hoto, ya tafi.

A hanyar komawa motoci sun cunkushe a babban titin Beltway. A hankali muka yi nisa. Sai 'yata ta ce daga kujerar baya, da Turanci kamar yadda ta saba, wai Baba, shin matar da kake sa mu yi wa fatan alheri ashe ita ce ke kai ku ƙara? Tun tana ƙarama take jin labarin Kaka a bakina. Sa'a ɗaya ta abokina da makirfo ta rinjayi duk shekarun nan. Na ce mata a'a. Ta ce to, amma irin to ɗin da ake ce wa tsoho don a zauna lafiya. Maiɗakina ta ce mata da Hausa, "Ubanki bai taɓa yi miki ƙarya ba." 'Yar tawa ta koma kallon waya.

Kafin mako ya zagayo faifan bidiyon ya shiga ko'ina. An yanke shi daga inda ya ɗaura jakar a ka zuwa inda ya ce in bi layi. Wani ƙanena ya turo mini shi daga Kano yana tambaya ko ni ne wannan. A masallaci ranar Juma'a samari suka fara gaishe ni da Kwamared, cikin ladabi, har da rusunawa. Wannan bai dame ni ba sosai. A kira ni abin da aka ga dama. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba yanzu sun san abu ɗaya tak game da tsohuwar nan, kuma abin ƙarya ne.

Na je wurin shugaban kwamiti na nemi a ba ni minti kaɗan a taro na gaba. Ya ce, "Malam, a bar kaza..." sai ya katse kansa, ya ce dai a yi haƙuri, kada a ɓata zumunci a kan Baturiyar da ba ta raye. Na kira abokina sau da yawa. Ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yana tare da masu sayen gida. An gayyace shi wani taron a Virginia, na ji ya sake yin wasan, da jakata.

Bayan watanni matarsa ta kawo wa maiɗakina jakar a cikin leda, tare da gwangwanin biskit. Hannun jakar ɗaya ya tsinke. Na ɗaure shi da zare na mayar da ita akwati. Biskit ɗin na ce a mayar. Muna haɗuwa da shi a jana'iza da sallar Idi, muna musabaha, ina amsa sallamarsa domin wajibi ne. Bai sake shiga falona ba, ban kuma hana shi ba. Sharaɗina ɗaya ne kuma ya san shi.

Ina aikina. Lokacin sanyi, in na kunna tukunya a ginin da ya kwana a kashe, bututu sukan yi ƙara kamar ana buga su da ƙarfe. Masu haya su kira ofis su yi ƙorafi, ni in je in saki iska. Na san dalilin ƙarar sarai, amma har yau in na ji ta sai in tuna Kaka da makullanta.

Ban rubuta wannan don in wanke tsarin can ba. Tsarin ya ci amanar mutanensa, ya sa tsofaffi tsayuwa cikin ƙanƙara saboda lemun tsami. Wanda ya ce a koma masa bai ɗanɗana shi ba. Amma ita tsohuwar ba ita ta tsara shi ba, a ƙarƙashinsa ta rayu kamar kowa, kuma ta riƙe mana wuri lokacin da ba mu da kowa. Wanda ya kamata ya yi mata shaida ya ƙi. Ni na yi, ba a ji ni ba.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In faifan nan yana cikin wayarka, goge shi, kada ka tura wa kowa. In kana ɗakin taron ranar nan ka yi dariya, ban riƙe ka ba, ba ka sani ba. Amma yanzu ka sani. Ka kira ɗanka ko 'yarka da suka ji, ka zaunar da su, ka gaya musu da bakinka cewa tsohuwa mai makulli gargaɗinmu take yi, kuma ita ta nemo lemun da aka yi jinyar mai jawabin da shi. In kuma ka haɗu da shi, kada ka zage shi. Ka tambaye shi kawai, a gaban mutane, wa ya ba shi lemu da cokali.